Chaïbou da Dangin Mai Fakara

Duk wanda ya zauna unguwar Mahdiya a shekarun da kuɗin mai ya fara ambaliya a Sabha ya san Chaïbou, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon Badamagaren nan da in an harba bindiga a gidan biki, kowa ya sunkuyar da kai, shi kuwa ya miƙa wuya yana neman inda ƙarar ta fito. Ni Lado, baduku ne daga Kano. Shagona yana manne da wurin aikinsa, bango ɗaya ya raba mu, bangon ma na kwano ne, in ya yi atishawa ni nake amsa masa. Saboda haka abin da zan faɗa a kansa ba a bakin kasuwa na tsinto shi ba.

Na zo Sabha da niyyar ɗinka takalma da jakunkuna, sai na tarar duk Balaraben da ya fara karɓar albashi ya sayi jif, ya sayi bindigar farauta, yana fita daji ranar Juma'a neman tuje da barewa. Bindiga kuwa tana son kube, harsashi yana son ɗamara. Sai na ajiye takalmi na kama abin da ake nema. Maƙwabcina Haj Miftah, wani dattijo mutumin Fazzan mai gajeren haƙuri, shi yake gyaran bindigogin, haɗe da kwaɗo da risho da duk wani abu mai sifirin a ciki.

Chaïbou ba da sunan gyara ya zo ba. Lebura ne a wani gini da ake yi a unguwar Gurda. In an tashi aiki sai ya zo ya tsaya bakin ƙofar Haj Miftah, kansa fari fat da siminti, ya zuba wa bindigogin da ke rataye ido. Ba ya sayen komai, ba ya cewa komai. Haj Miftah ya kore shi, ya dawo. Ya ce zai kira masa 'yan sanda, ya dawo. Da dattijon ya gaji sai ya jefa masa tsumma da gwangwanin mai, ya ce tunda ba shi da aiki sai kallo, to ya kalla yana gogewa. Haka aka ɗauke shi aiki, kuma ban taɓa jin sun sake tayar da maganar ba.

Ni na fara tsokanarsa, don Bakano ba ya barin Badamagare ya wuce shi salin-alin. Wata rana muna shan shayi na ce, "Kai bawana, me ka ajiye a cikin bindigogin mutane da kake leƙa su haka?"

"Ubangidanka dai," in ji shi. "Ta babana nika nema."

Na ɗauka wasa yake. Ashe ba wasa ba ne.

Mahaifinsa Idirisa shi ne sarkin baka, wato shugaban maharba, a wani ƙauye arewa da Damagaram. Duk maharban yankin bindigar toka suke riƙewa, shi kaɗai yake da Mai Fakara. Wannan wata bindiga ce mai baki biyu, ƙirar Italiya. Larabawa da sunan da suke kiranta, mu kuwa Hausawa hoton fakarar da ke zane a ƙarfen gefenta muka bi. Chaïbou ya ce rabin sarautar babansa a jikin bindigar nan take. In ya rataya ta ya fito ranar buɗar dawa, har daga wasu garuruwa ake zuwa kallo.

Sai fari ya zo, wanda ya kashe dabbobi ya watsa garuruwa. Chaïbou ya tafi cin rani neman abin da zai kawo gida, ya bar matarsa Hindatou da jinjira mai suna Saratou. Da ya dawo, hannunsa kusan wayam, ya tarar da hatsi a rumbu, ƙusar da ake rataya bindiga kuma ba komai a jikinta. Tsohon ya ba da ita ga wani direban babbar mota mai zuwa Fazzan, yankin da Sabha take, an ba shi hatsin da ya raya mai jego da 'yarta. Tun daga ranar Idirisa bai sake fita taron maharba ba. Sai ya zauna ƙofar gida, hannuwa a kan gwiwa, in an gaishe shi ya amsa. Abin ya ci wa Chaïbou rai, har ya tashi a gaban maharba ya rantse ba zai sake taka ƙauyen ba sai da bindigar a hannunsa. Da wannan rantsuwa ya hau mota, kuma ita ce ta riƙe shi a Sabha.

Na ce, "To madalla. In ka gan ta ai ka san ta."

Ya sosa ƙeya. "Nan hwa matsalar take, Lado. Ban taɓa ganinta tsirara ba."

A matsayina na baduku nan da nan na gane. Maharban wajensu ba sa barin bindiga haka. Sai a ɗinke ta da fata tun daga ƙota har kusa da baki, a cusa layu a cikin ɗinkin, abin da ke motsi kaɗai ake bari a waje. Kuma ba mai taɓa bindigar maharbi, ko ɗansa. Chaïbou ya girma yana ganin doguwar aba cikin jar fata a kafaɗar babansa, bai taɓa ganin fakarar da idonsa ba. Wanda ya saya kuwa, a tunaninsa, abin da zai fara yi shi ne yage fatar ya yar. Wato mutumin nan ya ƙetaro hamada neman abin da bai san fuskarsa ba. Na gaya masa gaskiya, na ce na sha ganin wauta iri-iri amma wannan ta Damagarawa ce zalla.

Dabarar da ya yi ita ce ta mai neman baƙo a garin da bai sani ba. Ya ce in ba ka san mutum ba, sai ka san danginsa. Mai Fakara ba iri ɗaya ba ce. Kamfanin ya daɗe yana ƙera ta, yana canza mata kama, sunan dai bai canza ba. Haj Miftah ya san wannan da hannu amma ba ya iya bayani, in ka tambaye shi sai ya ce wannan tsohuwa ce, waccan sabuwa, ka ba shi wuri. Chaïbou ne ya zauna ya raba su gida-gida, ya ba su suna: kaka, uwa, jika.

Ban roƙe shi ya koya mini ba, amma bangon kwano ba ya tare karatu. Kaka ita ce mai kunnuwa, wasu ƙarafa biyu a tsaye a bayanta da ake ja da babban yatsa kafin a harba. Sakatar da ake buɗe ta da ita a ƙasa take, ƙarƙashin kunama. Fakararta ɗaya ce, a tsaye, kuma da hannu aka zana ta, don haka ba ka samun biyu masu kama ɗaya: wata ta yi ƙiba, wata kamar ta kwana da yunwa. Chaïbou yana son kaka kamar me. In an kawo ta gyara sai ya wanke hannu kafin ya karɓa, abin da ba kullum yake yi wa tuwo ba.

Uwa ba ta da kunne ko ɗaya, an mayar da komai ciki, sakatar kuma ta hau sama inda babban yatsa zai ture ta gefe. Fakara ta zama biyu. Ita kuwa jika, wadda ta cika gari a lokacin, bai ɗauke ta da daraja ba. Kunamarta ɗaya, gindinta da roba, katakonta yana sheƙi kamar an shafa masa man gyaɗa, in ka buɗe ta sai ta tofar da kwanson harsashi da kanta ta bayan kafaɗarka. Ya ce ba ta da kunya. Fakarunta injin ne ya buga su, suna tashi sama, duk fuskarsu ɗaya.

Har ta kai ba ya buƙatar gani. In mutum ya rufe bindiga a shagon Haj Miftah alhali Chaïbou yana wajena, sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Uwa." In leƙa in ga uwa ce. Ya ce kaka tana rufuwa da nauyi kamar ƙofar zaure, jika kuwa kamar akwatin kwano. Ni duk ƙarfe nake ji ya bugi ƙarfe, amma na daina musu da shi don na gaji da shan kaye.

To, ga inda abin ya ɗaure. Da ya gama sanin dangin, sai ya koma kan abin da yake tunawa da bindigar babansa, ya ga bai shiga ko'ina ba. Yana tuna kunnuwa sarai, don ya taɓa miƙa hannu zai taɓa ɗaya yana ƙarami, ya sha marin da har yau in ya ba da labarin sai ya dafa kunci. Wato kaka ce. Amma kuma yana tuna babban yatsan tsohon a sama yana ture sakata gefe, har yatsan ya yi kanta a wurin. Wato uwa ce. Ya kai wa Haj Miftah maganar, dattijon ya ce babu wannan, Mai Fakara in tana da kunne a ƙasa ake buɗe ta, ya yi shekaru yana kwance su, yaro ya je ya wanke kansa.

Ni ma na ce masa ƙila ya haɗa bindigogi biyu a ƙwaƙwalwa. Ya ce, "Uba guda gare ni, Lado, bindigarshi guda."

Abin da ya ƙara masa taurin kai shi ne wata bindiga da wani malamin asibiti ya kawo. Jikinta na uwa ne, fakara biyu zanen hannu, amma kunamarta ɗaya irin ta jika. Chaïbou ya kusa yin rawa. Bayan 'yan watanni kuma ga wata jika ba roba a gindi, da tsohon katako mara sheƙi. Sai ya gano abin da ke faruwa. Ashe in kamfanin zai canza kama, ba ya zubar da sauran kayan da suka rage, sai ya haɗa su da sababbi har su ƙare, yadda mai abinci take ɗumama tuwon jiya ta haɗa da miyar yau. Ya sa musu suna 'yan tsakani. Ya ce tunda akwai 'yar tsakani daga uwa zuwa jika, dole akwai daga kaka zuwa uwa, mai kunnuwa da sakata a sama, kuma ita ce ta babansa. Maganar kuwa ta zauna.

Daga nan ba bikin da ya wuce shi. In an ɗaura aure a Mahdiya ko Gurda, maza suka fito harbin murna, za ka gan shi a gefe ba wanda ya gayyace shi, yana bin hannun kowa da ido. Ranar Juma'a kuma sai ya hau bayan motar masu kayan miya ya tafi Wadi Bawanis, ya bi gonaki yana tambayar 'yan ƙasarsu masu ban ruwa wace irin bindiga ce rataye a ɗakin maigidansu. Wasu su ba shi dabino, wasu su ce masa mahaukaci. Ya dawo da yamma ƙafa duk ƙura, ya zauna ya ba ni labarin wata kaka da ya gani mai fakara da karyayyen baki, yana murna kamar ya ga ɗan'uwa.

Gaskiya akwai lokacin da na yi zargin neman ya fi masa daɗi a kan samun. Mutumin da ke cikin baƙin ciki ba ya kwana biyu yana mamakin dalilin da ya sa aka canza wa ƙusa mazauni. Amma in Yaou ya zo sai in ga ba haka ba ne. Yaou direban babbar mota ne ɗan yankinsu, mai zirga-zirga tsakanin Agadas da Sabha, shi ke kawo masa labarin gida. Zuwan farko ya ce Saratou ta fara tafiya. Wani zuwan ya ce tana magana, kuma ƙanen Hindatou take kira baba. Daga baya ya ce yanar ido ta rufe wa tsohon gani, sai an ja shi zuwa masallaci. Duk ranar da Yaou ya zo, Chaïbou ba ya cin abinci.

Ranar da aka kawo labarin idon ne na fusata. Na ce, "Kai wane irin mutum ne? Ubanka yana makancewa, 'yarka ba ta san ka ba, kana nan kana ƙirga kunnen ƙarfe. Ka je wajen malamai ka yi kaffara, ka ciyar da miskinai, ka tafi gida!"

Ya ce, "Kahwara ta wanke ni wajen Allah. Wajen maharba hwa? In na tahi hannu banza, zaman da tsoho shika yi a ƙohwar gida, mu biyu za mu yi shi."

Na ji haushinsa, na kuma ji tausayinsa, har na rasa wanda ya fi yawa.

Ga wani abu kuma da ya ƙara dagula lissafi. Da farkon zuwan kuɗi kowa jefar da kaka yake yi ya sayi jika. Da kuɗin ya zauna, aka gina manyan gidaje, sai aka juya. Kowane mai hali yana son tsohuwar bindiga a bangon falonsa, ya nuna wa baƙi ya ce ta kakansa ce, ko da kakan nasa bai taɓa harbin ko kurciya ba. Kaka ta zama abin da ba a rabuwa da shi. Chaïbou ya san ko ya ga ta babansa, lebura baƙo irinsa ba shi da bakin da zai ce a ba shi. Duk da haka bai fasa hawa motar kayan miya ba.

Wata safiya ina yanka fata, wani Balarabe mai suna Ramadan, mai gonar dabino a Wadi Bawanis, ya shigo shagona da doguwar aba naɗe a bargo. Ba wajen Haj Miftah ya nufa ba, wajena ya zo, don aikin na baduku ne. Ya ce wani ɗan'uwansa direba ne ya bar masa ita shekarun baya, ya jefa ta ɗakin ajiya cikin tsofaffin injinan ban ruwa ya manta. Yanzu ya ji ana neman masu kunnuwa, shi ma ya gina falo. Yana so in cire wannan ƙazamar fatar a hankali kada ƙarfen ya karce.

Ya warware bargon. Jar fata ce da ta koma baƙa don tsufa da zufar hannu, ɗinkin Damagaram, ga layu sun yi tudu-tudu a ƙarƙashi. Kunnuwa biyu a tsaye. Na kai ido bayansu, ga sakata a sama. Na ɗauki ƙotar basilla na buga bangon kwano.

Chaïbou ya shigo yana goge hannu da tsumma, yana shirin zagina. Ya tsaya. Tsumman ya faɗi. Ya matso a hankali ya durƙusa gaban teburin, ya ce da bindigar, "Sannu." Ramadan ya dube ni yana tambaya da ido ko mutumin lafiyarsa ƙalau.

Na yi masa bayani da guntun Larabcina. Ya saurara, ya girgiza kai, ya ce Allah ya ji ƙan kowa, amma bindiga tasa ce, kuma so yake ya ga abin da ke ciki. Na dubi Chaïbou, ina jiran ya roƙi a bar ta yadda take. Sai na ga idonsa a kan askata. Mutumin da ya yi shekaru yana neman 'yar tsakani, ga ta a gabansa cikin riga. Ya ce, "Buɗe, Lado."

Ban yanka fatar ba, zaren kawai na bi ina tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Layun na tara su a gefe ban buɗe ko ɗaya ba. Da fatar ta saki ƙarfen, muka haɗa kai mu uku.

Akwai tsuntsuwa a gefen, ba a ce babu ba. Amma da bakin ƙusa aka karce ta, kuma duk wanda ya ce ba kaza ba ce bai taɓa kiwo ba. Dariya ta taso mini, na dubi fuskar Chaïbou, ta koma. Ya ɗauki bindigar, karon farko a rayuwarsa, ya juya ta. Sawun magagari ko'ina a jikin ƙarfen. Bututun biyu ba tagwaye ba ne, ɗaya ya ɗan fi kauri. Kowace ƙusa da irin kanta. Ya cire katakon gaba ya leƙa ƙarƙashin bututun inda kamfani yake buga hatiminsa a kan kaka da uwa da jika duka. Wurin sumul yake.

"Ba kaka ba ce," in ji shi, kamar mai magana da kansa. "Ba uwa ba ce. Ba 'yar gidan ba ce ma. Maƙeri ya yi ta."

Ramadan ya ce me yake faɗa. Da Chaïbou ya yi shiru da ba wanda zai sani, amma bai iya ƙarya a kan bindiga ba. Ya maimaita masa da Larabci. Ramadan ya karɓa ya dubi kazar, ya fashe da dariya, sannan ya ɓata rai. Ya ce shi ba zai rataya bututun famfo a falonsa mutane su yi masa dariya ba, a jefa ta cikin tarkacen Haj Miftah. Chaïbou ya ce in ba ya so, ya ba shi. Ramadan ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Bahi," wato shi ke nan, ya ɗauka har da fatar. Don kada zuwansa ya tashi a banza, ya sa na auna masa kuben jikarsa, ya tafi. Da ta gaske ce da ko taɓa ta ba za a bar Chaïbou ya sake yi ba.

Yinin ranar a shagona ya yi shi. Ya buɗe ta, ya rufe, ya ja kunnuwa, ya sake su a hankali. Ban tsokane shi ba, kuma wannan ne karo na farko tun da muka san juna. Can na kasa haƙuri na ce, "Kana ganin cutar tsohon aka yi, aka sayar masa da ita a ɗinke? Ko ya sani?"

"Ban sani ba," in ji shi. Ya sake buɗe ta, ya kara a kunne, ya rufe. "Amma ka ji yadda take zama? Ko kaka ba ta hi ta ba." Sai kuma ya ajiye ta a gabana, ya tura mini fatar da layun. "Ɗinke ta, Lado. Ka bi ramukan da."

Na yi ɗinki da yawa a rayuwata, ban taɓa yin wanda ya ba ni wuya kamar wannan ba. Fatar ta bushe, sai da na yi ta shafa mata mai kafin ta yarda ta lanƙwasa. Kowace laya na mayar da ita gurbinta, basilla ba ta huda sabon rami ko ɗaya ba. Abu guda ya gagare ni. Tsohon ɗinkin da jijiya aka yi shi, ni kuwa zare gare ni. Na shafa masa kakin zuma da baƙin tukunya har ya yi duhu, ido ba zai raba su ba. Na san dai yatsa zai iya.

Da Yaou ya zo, Chaïbou ya naɗe ta cikin katifa ya hau mota. Haj Miftah ya yi ta faɗa wai an bar shi da aiki, sannan ya cusa masa magagarai biyu a aljihu ya shige shago bai fito ba har motar ta tashi. Ni ma ban ji daɗin shirun da bangon kwano ya yi ba.

Sauran labarin daga bakin Yaou na ji shi a zuwansa na gaba, don shi ya kai Chaïbou har ƙofar gida. Ya ce mata sun yi guɗa, maharba sun taru, amma tsohon ya ce a ja shi ɗaki, a bar shi da ɗansa. Yaou yana bakin ƙofa riƙe da kaya, ba wanda ya kore shi. Idirisa ya ɗora bindigar a kan cinya, ya bi ɗinkin da yatsa tun daga ƙota. Bai yi nisa ba ya tsaya.

"An buɗe ta."

"An buɗe, Baba."

"Ka gani?"

"Na gani."

Sai tsohon ya ce wani maƙeri mai suna Kalla ne ya yi masa ita, tun suna samari. Sun ga Mai Fakara sau biyu a hannun fatake, iri biyu, ɗaya mai kunnuwa, ɗaya mai sakata a sama, Kalla ya ce zai iya. Su biyu suka sani, Kalla kuma ya daɗe da rasuwa.

"Ran da ka tashi gaban maharba ka yi rantsuwa," in ji tsohon, "na so in kira ka in gaya ma. Har ka hau mota bakina na buɗe. Kunya ta hana ni. Na bar ka ka tahi neman abin da babu. Shekarun nan naka da na ɗiyarka, ni na cinye su."

Na tambayi Yaou me Chaïbou ya ce. Ya ce da farko ya sunkuyar da kai. Can ya matsa kusa da uban, ya kama hannunsa ya ɗora a kan sakatar, ya ce, "Baba, abu guda ya hana ni barci tun Sabha. Ƙaƙa Kalla ya yi sakatar ta wuce tsakanin kunnuwa ba ta taɓa su ba? Kana wurin sa'ad da ya yi?"

Tsohon ya buɗe baki zai ba shi amsa, sai kuka ya ƙwace masa. Yaou ya ce shi bai taɓa ganin sarkin baka yana kuka ba, kuma bai ga ya dace ya fara gani a ranar ba, sai ya ajiye kayan ya fita duba tayar motarsa.